Awon Kafaɗa

A garinmu ba a tambayar zurfin imanin mutum kafin a bar shi ya ɗauki Yesu ranar Juma'a Mai Kyau. Kafaɗarsa ake aunawa.

Da zarar azumin kafin Ista ya kama, Don Cleto zai kafa sandar awonsa a ƙofar coci, maza su yi layi kamar masu jiran allurar rigakafi. Ka tsaya, ya sauko da ɗan katakon nan ya zauna a kafaɗarka, ya faɗi tsawonka da ƙarfi kowa ya ji, ka wuce. Ba wulaƙanci ba ne. Anda, dandamalin katakon da ake ɗora siffar Ubangiji da gicciyensa a kai, ya kai nauyin motar bas har da fasinjoji da kajinsu, kuma mutum wajen tamanin ke shiga ƙarƙashinsa a lokaci guda. In kafaɗu ba su zo daidai ba, wani zai mutu, wani kuma ya sha iska. Saboda haka dogaye da dogaye, gajeru da gajeru. Kowane rukuni ya ɗauka daga wannan kwana zuwa ta gaba, ya miƙa wa wani rukunin.

Ni da ƙanena Anselmo, wanda har Fada ma Chemo yake ce masa, kafaɗarmu ɗaya ce. Ba mu yi kama ba ko kaɗan. Shi mai gasa burodi ne, kuma jikinsa ya nuna. Ni mai aski ne, siriri kamar raken da aka tsotse aka yar. Amma in aka zo kan sandar Don Cleto, ko silin gashi bai raba mu ba, don haka tun muna samari rukuninmu ɗaya. Wannan bai dami kowa ba sai da muka daina ga maciji da juna.

A bikin 'yata ta fari abin ya faru. Chemo ya sha ya yi tatul, ya karɓi makirfo don ya sa wa amarya albarka, sai ya sanar wa surukaina da duk wanda ke wurin cewa yayansa Casimiro bai taɓa ɗaukar anda ba a rayuwarsa, rataye yake yi a jikinsa kamar jemage, sauran mutane su ɗauke shi tare da Yesu. Aka kwashe da dariya, har uban ango ya ƙware. Ni kuma, da yake ni ne babba mai hankali, na karɓi makirfon na bayyana cewa burodin Chemo ne ya gina wa likitan haƙorin garinmu bene. Aka sake kwashewa. Matarsa ta ɗauki jakarta, shi ya ɗauki hularsa. Jikar da aka haifa a wannan auren yanzu ta iya karatu, mu kuwa ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba. Ni ina tsallaka gada in sayo burodi mai ɗanɗanon katifa, shi kuma yana kai kansa aski wani wurin da ban sani ba. Don Cleto, mutum mai son zaman lafiya, ya riƙa sa ɗayanmu a hagun anda, ɗaya a dama, Yesu da gicciyensa da dukan furanni a tsakaninmu. Kowa ya huta.

A cikin waɗannan shekarun ne na zama mutumin kirki. Likita ya auna jinina, ya dube ni, ya sake aunawa, sannan ya tambaye ni ko ina zuwa coci. Na shiga ƙungiyar addu'a ta maza. Na bar giya, sai dai a biki, ko baftisma, ko ranar da ƙungiyar ƙwallonmu ta ci, ko kuma aka ci ta. Na shiga yafe wa mutane ba ji ba gani: maƙwabcina da karensa ya cinye mini kaza, da gwamnati, da surukata wadda ke kabari ba ta ma san ana yi ba. Ba yabon kai ba, akwai ranakun da nake duba madubin shago in ga kamar wani ɗan haske ya zagaye sanƙona. Na taɓa faɗa wa matata Otilia. Ta ce, "Waliyyi, in ka sauko daga sama ka fitar da shara."

Chemo ma na yafe masa. Abin da ya rage kawai ya zo ya roƙa. Na shirya komai tsaf. In shago ya yi shiru sai in tsaya gaban madubi in gwada fuskar da zan yi: kai a ɗan karkace, ido rabi a lumshe, hannu biyu a buɗe. Har jawabi na haddace, wanda ni kaina yake sa ni ƙwalla. Addu'ata kullum ita ce Ubangiji ya taɓa zuciyar yaron nan ya gane kuskurensa, ya turo shi, zai tarar da ni a shirye.

Sai aka kawo mana sabon Fada, Baudilio, gajere mai idon da ba ya ƙiftawa. Na shiga ikirari wurinsa, na jera masa zunubaina: na yi tsaki a layin banki, na kalli wata mata sau biyu, na ci nama ranar Juma'a da mantuwa.

Ya ce, "Casimiro, kullum ƙananan kifi kake kawo mini. Ina babban?"

"Wane babba, Fada?"

"Mai gidan burodi."

"Ai na yafe masa tuntuni. A zuciya."

"Shi ya sani?"

"Allah ya sani."

"Allah ba shi ne ƙanenka ba," in ji shi. "Tashi ka je, akwai mutane a layi."

Na fito ina mamakin yadda ake naɗa irin waɗannan yaran Fada tun ba su san darajar manya ba.

Ana gab da fara awo Don Cleto ya zo aski. Mutum in yana ƙarƙashin aska bakinsa ba ya riƙe magana. Na shafa masa kumfa ke nan ya ce, "Miro, bana fa ba ruwana. Fada ya ce in na sake raba ku hagu da dama zai karɓe sandar. Ɗaya gaba, ɗaya baya, gefe guda. Numfashinka a wuyansa."

"Wa zai kasance a baya?"

"Babba mana. Ka ga sai ka riƙa lura da shi."

Saura kaɗan in yanke masa kunne. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ni da nake koya wa maza gafara duk Laraba, a ce za a tura ni bayan Chemo kamar jela, duk gari na kallo, a ce Fada ne ya shirya mu? Ina jawabina? Ina fuskar da na sha wahalar gwadawa?

Ranar awo na ɗauko doguwar kwat ɗin marigayi surukina, wadda ke kai mini har idon sawu, na saka ta cikin rana tsaka. Na zaɓi lokacin da na san Chemo yana bakin tanda. Da layi ya zo kaina, na lanƙwasa gwiwa a cikin kwat ɗin, na saki kafaɗa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Don Cleto ya sauko da katako, ya gyara tabarau, ya ɗaga, ya sake saukowa.

"Kai, Miro! Yatsu huɗu ka rage daga bara."

"Shekaru ne, Don Cleto."

"Ƙasa ta fara kiranka ke nan. Kuma wannan kwat ɗin fa? Zazzaɓi kake yi?"

"Sanyin tsufa."

"To sanda ba ta ƙarya. Bana kana cikin gajeru, su Don Lipe tela. Fada ya ji da kansa."

Na koma gida ina fito, har da ɗan tsalle a bakin gada. A zuciyata na ce Ubangiji da kansa ya ce mu zama masu wayo, ni kuwa na cika umarni.

Murnar ba ta yi tsawon rai ba. Azumi ya yi nisa, sai ga babbar yayarmu Remigia ta faɗo shagona ba sallama. Ita ce ta goye mu duka biyu, kuma har yau kallon masu majina take mana. Akwai mutum a kujera, rabin gemunsa a aske, amma ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai, ka ji ƙanenka zai tafi?"

"Wane ƙane?"

"Nawa gare ka, sakarai? Takardunsa sun fito. Ɗansa ya aiko masa daga Amurka, matarsa ma tana can tun watan jiya. Ya bar wa ma'aikatansa tanda. Litinin bayan Ista zai hau mota, kuma ba dawowa zai yi ba."

Na ci gaba da wasa askar a jikin fata, ko da yake ta riga ta yi kaifi. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ta ɗaga jakarta ta maka mini a ka. Jakar Yaya Remigia kuwa ba a san abin da ke cikinta ba, amma akwai ƙarfe. "Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar, Casimiro. Ku biyu na goya, ba zan mutu in je in tarar da Mama ta tambaye ni yadda na bar ku ba." Ta juya ga mutumin da ke kujera ta ce, "Kai kuma ka rufe baki, kumfa za ta shiga."

Ta fita. Na ƙarasa gemun mutumin, ya biya ya gudu bai tsaya karɓar canji ba.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. A lissafina Chemo yana nan har abada, tsallaken titi biyu, yana jiran ranar da zai zo ya roƙe ni. Ban taɓa kawo wa raina cewa zai iya tattara kayansa ya bar ni da jawabi a baki ba. Ga shi Fada ya shimfiɗa mini hanya a sauƙaƙe, wadda zan iya cewa tilasta mini aka yi, ni kuma na sa kwat na tsallake ta. Na garzaya wurin Don Cleto na ce tsawona ya dawo, a sake auna ni. Ya ce an rufe, an riga an rarraba wurare, kuma shi bai taɓa jin tsohon da ya sake tsiro ba.

Sai na yanke shawarar zuwa da ƙafata. Na sa riga mai tsabta, na nufi layin gidan burodi. Ƙanshin nan ya tare ni tun daga kwana, ƙanshin da na yi shekaru ina ƙaryata shi. Na hango bayansa ta taga yana jera burodi. Ƙafafuna suka yi shawara a tsakaninsu ba tare da ni ba, suka shigar da ni shagon da ke kusa, na sayi tsintsiya. Washegari na koma, na sake sayen tsintsiya. Daga baya na sayi kyandir, da guga, da wata kaza mai ɗingishi.

Otilia ta jera tsintsiyoyin a jikin bango ta ce, "Shago za mu buɗe, ko kana shirin tashi sama da su ne?"

A makon ƙarshe na shiga coci da rana, ba kowa sai matan da ke gyaran furanni. Na durƙusa zan fara addu'ata ta kullum, sai na ji kunyarta ta kama ni, kamar ka ga hotonka na samartaka da wando mai faɗin ƙafa. Daga ƙarshe abin da ya fito shi ne, "Ubangiji, dabarata ta ƙare. Yaron nan zai tafi, ni kuma ƙafata ta ƙi. Ka san yadda za ka yi da ni." Ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Da a ƙungiyar Laraba wani ya yi irinta, da na ja shi gefe na gyara masa.

Safiyar Juma'a Mai Kyau gari ya tashi da ƙamshin turare da ganyen wata bishiya da ake kira fir. Tituna sun sha shimfiɗun garin katako mai launi, waɗanda iyalai suka duƙufa a kai suna zanawa don kawai a bi ta kansu a tattake. Maza duk mun sha dogayen riguna shunayya da huluna, gari ya koma kamar gonar gauta. Daga nesa 'yan badujala suna busa waƙar makoki, ganga na bugawa a hankali kamar zuciyar mai ƙiba.

Na je kwanar da rukunina ke jira, na tsaya cikin gajeru kamar zakara a cikin 'yan tsaki. Don Lipe tela, wanda wurinsa ke bayana, ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Maigida, ba ka ɓata hanya ba kuwa?" Na ce masa takalmi ne. Wurin da ke gabana babu kowa. Anda ya ƙaraso yana rangaji cikin hayaƙi, Ubangiji a sama da gicciye a kafaɗa, rigarsa na ƙyalli. Aka buga ƙararrawa, masu ɗauke da shi suka kafa gwafanni suka jingina shi, suka fara zamewa. Sai ga wani mai tumbi ya kutso da gudu yana haki yana gyara hula, ya shige wurin da ke gabana. Ya waiwayo don ya ba ni haƙurin taka mini ƙafa.

Chemo.

Ya dube ni, na dube shi. Ya dubi gajerun da ke kewaye da mu, ya sake dubana, daga kafaɗa zuwa gwiwa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, domin a daidai lokacin ya faɗo mini. Ashe Don Cleto ba aski kaɗai yake zuwa ba, yana sayen burodi, Chemo ma ya ji labarin ya rage tsawonsa. An gudu ba a tsira ba. Don Cleto kuwa da ya ga sanda ta sake haɗa mu rukuni ɗaya, sai ya cika umarnin Fada hankalinsa kwance.

Ba a magana a ƙarƙashin anda. Aka buga ƙararrawa, aka zare gwafanni, muka sa kafaɗa.

Jama'a, na yi shekara da shekaru ina ɗaukar anda, amma ranar na san nauyinsa. Yatsu huɗu ba komai ba ne a wurin tela, amma a ƙarƙashin katakon nan su ne bambancin mutum da ginshiƙi. Duk nauyin gefenmu ya tsallake gajeru ya sauka a kan mutum biyu. Na ji ƙashin bayana yana ambaton sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Daga bayana Don Lipe ya yi raɗa, "Ikon Allah! Bana ko nauyin gashin kaza ban ji ba."

Dabara ɗaya ce, mutum ya lanƙwasa gwiwa ya daidaita da sauran. Na lanƙwasa. Nan take na ji Chemo ya yi wani gurnani, don rabona ya koma kansa. Bai yi wata-wata ba shi ma ya duƙa, har ya fi ni ƙasa, kayan suka dawo mini da riba. Na ƙara duƙawa. Ya ƙara. Haka muka riƙa tafiya kamar agwagi biyu, muna jifan juna da Ubangiji, ganga na bugawa, mata na share hawaye a bakin titi. Anda ya fara sunkuyawa ta gefenmu yana ɗagowa, har na hango a gilashin wani shago kan Yesu yana gyaɗawa kamar mai amsa gaisuwa. Mai jan gaba ya waiwayo ya zare ido ya ce ta cikin haƙori, "Gefen dama! Rawa kuke yi?"

Muna tsakiyar layin, a kan wata shimfiɗa mai zanen inabi, sai ƙafar Chemo ta zame a garin katako. Wannan ba dabara ba ce. Na san gwiwar nan ta hagu tun ranar da ya faɗo daga bishiyar maƙwabta muna yara, kuma na ga yadda ta lanƙwashe ta inda gwiwa ba ta lanƙwashewa. Katakon ya biyo shi ƙasa. Ban yi addu'a ba, ban tuna jawabi ba, ban ma yi tunani ba. Na miƙe tsaye iya tsawon da Allah ya ba ni, na cusa kafaɗa, na kama bayan rigarsa da hannun hagu na ɗago shi. Wani abu ya yi ƙara a wuyana. Idona ya ga taurari da rana tsaka. Amma anda bai sauka ba, Chemo kuma ya samu ƙafarsa.

Muka yi taku kaɗan a haka, ina riƙe da rigarsa. Hularsa ta goce, ƙeyarsa tana daidai hancina. Shekaru rabona da ganin ƙeyar nan kusa, ni da na san ta fiye da tafin hannuna. Furfura ta cinye ta. Amma ba furfurar ce ta tsaya mini a rai ba. Layin askin ya hau ta dama ya gangaro ta hagu kamar hanyar dutse, ga wani tsibirin gashi an manta da shi a bayan kunne. Na yi iya ƙoƙarina in yi shiru, don wuri ne mai tsarki. Na kasa.

Na ce a kunnensa, "Wane maƙiyin Allah ne ya yi maka wannan askin?"

Kafaɗunsa suka fara rawa. Bai waiwayo ba. Da wata murya kamar ta wanda aka shaƙe ya ce, "Yaya... yau dai ka ɗauka."

Shi ke nan. Dariya ta taso mini tun daga cikin hanji. Na danne ta, ta fito ta hanci. Chemo ya cusa gefen hularsa a baki yana kukan ƙaramin alade. In na lafa sai in ga tsibirin gashin nan, in ya lafa sai ya ji ni ina shaƙewa, mu sake ɓarkewa. Hawaye sharkaf, majina ba a magana, ga uban nauyin katako a wuya, ga waƙar makoki a baya. Wata tsohuwa a bakin titi ta dafa ƙirji ta ce wa ta kusa da ita, "Dubi 'yan gidan marigayi Don Tiburcio yadda suke kuka. Wannan shi ne imani." Wannan ya ƙarasa mu. Can na hango Yaya Remigia a cikin taro da baƙin mayafi. Ita ta san kukanmu, ta kuma san wanda ba kuka ba. Ta ɗaga jakar nan ta nuna mana, amma bakinta na rawa.

Chemo ya ce cikin haki, "Miƙe gaba ɗaya, ni ma zan miƙe. In ba haka ba mutuwa za mu yi."

"Gwiwarka fa?"

"Riƙe rigar dai."

Muka miƙe tare. Nauyin bai ragu ba, sai dai ya rabu biyu, kuma ya daina yawo. Muka kama rangajin, hagu, dama, yadda Baba ya koya mana a tsakar gida da benci a kafaɗa. Ban san yadda zan faɗe shi ba tare da na koma waliyyin madubi ba, amma a sauran tafiyar nan na ji kamar Wanda ke sama da mu bai ji haushin dariyar ba ko kaɗan.

Da aka buga ƙararrawa a kwana ta gaba, muka zame daga ƙarƙashi muka rarrafa zuwa bakin titi muka zube. Don Lipe ya zo ya yi mana hannu bibbiyu, ya ce baɗi ma yana roƙon a haɗa shi da mu. Fada Baudilio ya wuce a bayan anda, hannuwa a haɗe, ya dube mu da idon nan nasa, ya ɗaga gira ɗaya, ya ci gaba.

Da numfashi ya dawo na ce, "Kai me ka yi wa Don Cleto?"

"Buhunan fulawa na yi ta ɗauka tun asuba har kafaɗar ta sauka, sannan na je da silifa. Kai fa?"

"Kwat ɗin surukina."

"Wannan mai warin kafur? A cikin ranar nan?" Ya kwanta da baya a kan dakali yana riƙe ciki. "Kuma tsintsiya nawa ka saya? Mai shagon ta ce in roƙe ka kada mu shirya, kasuwarta ta buɗe."

Na ga dama ta samu. Na gyara zama, na karkata kai, na lumshe ido rabi, na buɗe hannun da ke iya buɗuwa. Chemo ya tashi zaune a firgice ya kama fuskata.

"Yaya! Hawan jinin ne? Bakinka ya karkace! A kira likita?"

Na ce, "Sake ni, lafiyata ƙalau." Jawabin ya tafi, kuma ban bi shi ba. Muka bi bayan taron da kallo. Sai na ji bakina ya ce, "Da gaske Litinin?"

"Da gaske." Ya murza gwiwarsa. "Tsoro nake ji, Yaya. An ce sanyin can yana fasa kunne. Jikokina ba sa jin yarenmu sosai. Me zan yi a can, in zauna a taga ina kallon motoci? Ba wanda na faɗa wa, kowa sai murna yake taya ni."

"To ka fasa mana."

"Matata tana can. Ka san ba na iya dafa ko ruwan zafi in ba a tanda ba."

Na ɗora hannu a ƙeyarsa, na bar shi a wurin. Shi ma bai ture ba.

Can ya ce, "Akwatuna uku ne, kuma ga yadda ka mayar mini da kafaɗa."

"Ni na mayar maka?"

"Za ka raka ni tasha?"

"Wace tasha? Har filin jirgi zan kai ka, kada ka ɓata a babban birni ka ja mana abin kunya. Gobe da jibi kuma a gidana za ka ci abinci. Otilia za ta yi surutu, ka yi kamar ba ka ji ba."

"Ai ita ta aiko mini tun jiya cewa in zo."

Kafin in gama haɗiye wannan, masu shara da ke bin bayan jerin gwanon suka iso da shebur da motarsu, suna kwashe garin katakon da aka tattake. Wata mata mai faffaɗan tsintsiya ta tsaya a gabanmu ta ce, "Iyayena, a ɗan ɗaga ƙafa."

Na aika wa ƙafata saƙo, ba ta amsa ba. Chemo ya kama tasa da hannu biyu ya ɗaga ta kamar ɗanyen itace, ta suɓuce ta koma inda take. Muka dubi juna.

Matar ta jira, ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta girgiza kai ta share ta gefenmu ta wuce.